Albashin Kawu Ilyasu

Yamai, 2 ga Nuwamba 1993

Zuwa ga Yaya Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara da mutanen unguwar Zariya duka. Ni ma lafiya lau, sai ɗan zazzaɓi da na yi a ƙarshen damina, ya wuce.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Rabonmu da haɗuwa shekara uku ke nan, kuma zumuncinmu sai an zauna an warware: kakarki da kakana uwa ɗaya uba ɗaya. Amma a dangin da zan iya aika ke kaɗai ce za ki karanta takarda da idonki, ba sai kin kai wa wani ya karanta maki ya baza a gari ba.

Ga abin da ke tafe da ni. Shekarata biyar a jami'a, amma har yanzu a aji uku nake, saboda yajin aiki da rufe makaranta. Bursu, kuɗin tallafin da gwamnati ke ba mu, ya yi wata biyar bai fito ba. Baba ya jinginar da rabin garkarsa ta noman rani da ke Jiratawa don in samu abin ci.

Makon jiya Alhaji Chaibu, mijin gwaggona, ya zo Yamai fitar da kaya, ya aika in je masaukinsa. Ko ruwa ban gama sha ba ya ce, "Gado, takardar nan da kake bi, in ka same ta, nawa za ta ba ka a wata?" Na ce ai ya danganta. Ya ce, "Ni ban san ya danganta ba. Buhun shinkafa in na saye shi a Kwatanu na san abin da zai ba ni a Jibiya. Faɗi lamba in ninka maka, ka bar wahalar nan ka zo ka riƙe mani magazar da nake ajiye kaya." Yaya, ni da nake karatun tattalin arziki, sai na ce ya ba ni lokaci. Ya ba ni zuwa ƙarshen shekara in yi tunani.

Mutum ɗaya ne a danginmu ya bi hanyar nan har ƙarshe: Kawu Ilyasu na Tibiri, ɗan uwan Inna, wanda ya yi karatun injiniya a ƙasar waje ya zama direktan kamfanin gwangwanin tumatir da ke kan hanyar Tibiri. Na san an ce injunan sun tsaya ana jiran kuɗi daga Turai, amma ofis na nan yana aiki. Da na ambaci sunansa Alhaji ya yi dariya ya ce, "To, tambaye shi." Na rubuta mashi sau biyu, shiru.

Don Allah ki je ki same shi. Ki tambaye shi kai tsaye: difilom ɗinsa me ya ba shi, nawa, kuma in shi ne ni yau, me zai yi? Abin da kika ji kika gani ki rubuto mani, kada ki rage.

Ƙanenki,
Gado Idirisa

*

Tibiri, 19 ga Nuwamba 1993

Ƙanena Gado,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na yi murna. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Allah ya ƙara sauƙi.

Ina rubuta maka wannan ne daga gidan Kawu Ilyasu. Matarsa Inna Atika na zaune kusa da ni tana tsinke zogale. Kawu ya ce zai ƙara layi biyu a ƙasa, kuma shi zai kai gidan waya da hannunsa, don haka zan taƙaita.

Na je ofishinsa yau da hantsi. Ya karɓe ni da mutunci, cikin farar riga mai guga. Ban taɓa shiga ofis mai shiru irin nasa ba. Kusan shekara huɗu ke nan bai taɓa fashin zuwa ba, ko rana ɗaya, in ji maigadi. Babu wanda ke sama da shi a wurin, babu mai ce mashi yi ko bari.

Na yi mashi tambayarka. Ya ce jika ɗari da ashirin ne, sefa dubu ɗari da ashirin, a rubuce a bayan ambulan ɗinsa, kuma duk ranar ashirin da takwas ga wata ake miƙa mashi. A garin da mu malaman lakwal, makarantar boko, muka yi wata huɗu ba mu ga albashi ba, nasa bai taɓa makara ba. Ka karanta wannan layin sau biyu.

Takardunka guda biyu suna kan teburinsa, na gan su.

Gado, kada ka yanke shawara, kada ka ce wa kowa komai, sai takardata ta biyu ta zo maka.

Yayarka,
Halimatus Sa'adiya

Ɗana Gado, ka dage ka ƙare. Akwai wuri da ke jiran ka kusa da ni. Na daɗe da tanadar maka.
Ilyasu, Direkta

*

Maraɗi, 22 ga Nuwamba 1993

Gado,

Gaisuwa kamar ta waccan, lafiya lau muke. Yanzu ina ɗakina a unguwar Zariya, babu wanda ke leƙen alƙalamina. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Kamfanin nan a mace yake. An rufe shi shekara huɗu da suka wuce, an sallami kowa, kuma babu wani kuɗi da ke zuwa daga ko'ina. Ciyawa ta kai ƙugu a filin. Wani tsoho mai suna Jibo, wanda da can shi ne maigadi, ya buɗe mani ƙofa. Shi ma ba a biyansa, yana kwana ne a wurin yana kiwon awakinsa. Ya bi da ni ta babban ɗakin injuna. An lulluɓe su da tamfol, jemagu sun cika rufin, da rana tsaka wurin kamar ƙarƙashin ƙasa. A can ƙarshe na jiyo ƙarar tafireta.

Ofishin Kawu a share yake tas. Kalandar bango na kan Oktoba 1989. Babu wuta, fanka a tsaye, amma ya ce mani, "Matsa daga ƙarƙashinta, kada mura ta kama ki." Gara ta cinye takardun da ke layin ƙasa na kabad, na sama kuwa a jere suke kamar yau aka shirya. Muna cikin gaisawa ya ɗaga hannu ya ce in yi haƙuri, ya ɗauki tarho. Ni ban ji ya buga ba. Ya ce, "Eh, ina ji," ya yi shiru yana gyaɗa kai, ya rubuta wani abu, ya ce, "Sai na gani a rubuce." Da ya ajiye na sunkuya kamar zan gyara takalmi. Igiyar tarhon a yanke take, bakinta na kwance a ƙasa.

Takardunka ba a buɗe su ba. An buga masu hatimi an sa kwanan wata, shi ke nan.

Abin da ya hana ni cin abinci ranar shi ne tebur na biyu. Yana gefen taga, an goge shi, da kujera da alƙalami. An manna 'yar takarda a gabansa da sunanka cikakke, tawadar har ta koɗe. Na ce, "Kawu, yaushe ka rubuta wannan?" Ya ce, "Ranar da aka faɗi sunansa a rediyo, ya ci jarrabawar bak ta shiga jami'a."

Albashin kuma, Inna Atika ce. Ta faɗa mani a madafa da na matsa mata. Ta ce ranar da aka rufe kamfanin ya dawo ya kwanta ya juya wa kowa baya, kwana arba'in ba ya magana. Wata safiya ya tashi ya ce a goge mashi riga. Ta goge, tana murna. Ƙarshen wata ya dawo ya ce ba a biya ba. Sai ta sayar da 'yan kunnenta ta sa kuɗin a ambulan ta ba Jibo. Tun ranar haka ake yi. Jika ashirin ne a ciki, ta rubuta ɗari da ashirin a baya. Ba ya ƙirgawa. Ya zare jika ɗaya ya ba Jibo na goro, ya kawo mata sauran ya ce ga na cefane, ta ɓoye, ta cike giɓin da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da take yi. Ta nuna mani wata jika biyar mai ɗigon manja a kusurwa, ta ce ta je ofis ta dawo ya fi sau talatin.

Na ce, "Inna, har yaushe?" Ta ce, "Ke ba ki ga kwana arba'in ɗin nan ba."

Mutanen Tibiri kuwa sun yarda kamfani na da rai, tun da suna ganin direkta na fita ƙarfe bakwai kuma ana biyansa. Ba zan ce maka ka bar karatu ba, ni ma da takarda nake cin abinci in an ga damar biya. Amma kada ka ɗora komai a kan wancan tebur.

Sa'adiya

*

Yamai, 5 ga Disamba 1993

Yaya Sa'adiya,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, har na fara ƙiba don farin ciki. Allah ya saka maki da alheri.

Takardarki ta Tibiri ta zo. Kin ce in karanta layin albashi sau biyu, na karanta ya fi sau goma. Jika ɗari da ashirin, ba makara, a wannan zamani! Ga amsar Alhaji nan. Na zauna na buga lissafi: ko rabin haka na fara da shi, cikin shekara biyu na mayar da duk abin da aka kashe a kaina tun daga lakwal, sauran shekara talatin riba ce. Shirun ofis da kika ambata ya ba ni dariya. Haka ofishin manya yake, Yaya, ba kasuwa ba ne.

Na jira takardarki ta biyu kwana takwas, ba ta zo ba. An ce ma'aikatan gidan waya sun shiga yaji. Na ce me kuma za ta ƙara a kan rubutun Kawu da hannunsa? Sai na ba wani direban mota saƙo biyu. Na farko na Alhaji Chaibu. Na gode mashi, na ce ba zan zo ba, na kuma ƙara wata magana da wataƙila ta yi zafi: na ce akwai abin da ba a auna shi da buhu. Na biyu na Baba. Na ce ya saki garkar gaba ɗaya ga wanda ya karɓi jingina, ya aiko mani in sayi littattafai in biya ɗaki na shekara biyu, in daina rabuwa gida biyu tsakanin karatu da neman abinci. Na yi mashi alkawarin garka uku.

Ki gaishe da Kawu. Ki ce mashi ɗansa na tafe.

Gado

*

Maraɗi, 16 ga Janairu 1994

Gado,

Muna lafiya a jiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Taka ta biyar ga Disamba sai jiya ta shigo hannuna, bayan an janye yaji. Ban ko canza zane ba na hau mota zuwa Jiratawa. Na makara da wata guda. Baba Idirisa ya saki garkar, an yi shaidu, an sha goro. Na same shi yana ta fara'a, yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa an riga an ajiye wa ɗansa tebur. Na buɗe baki in faɗa mashi, na dubi fuskarsa, na kasa. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Kuɗin suna hannunsa bai aika ba, yana jiran amintaccen mai tafiya. Ka kuma ji abin da aka yi wa sefa ranar Laraba, an karya darajarta da rabi. Kasuwar Sabon Gari rabin rumfunan a rufe suke, masu kaya sun ce ba su san nawa za su ce ba. Abin da zai sayi littafi biyu a makon jiya, yau ɗaya zai saya.

Takardata ta biyu tana wani buhu tsakanin nan da Yamai. Ba ni da ƙarfin sake rubuta ta. In ta zo ka karanta, ka yafe mani ta farkon. A gaban mutumin na rubuta ta, na zaci za ka ji abin da ban faɗa ba.

An yi mani canjin wuri zuwa wani ƙauye bayan Dakwaro, ƙarshen watan nan zan tashi da yara. Ka aika takarda ta hannun sufetan lakwal na can.

Sa'adiya

*

Maraɗi, 3 ga Afrilu 1994

Yaya,

Barka da shan ruwa, ko da ta makara. Ina fatan kun saba da ruwan can. Ni lafiya.

Takardunki biyu rana ɗaya suka zo. Ba ki da laifi, ni ne na karanta abin da nake son gani. Bayan mako biyu aka sake rufe jami'a, na tattaro na dawo cikin azumi. Na je wurin Alhaji Chaibu na durƙusa. Ya karɓi gaisuwa da kyau, ya ce wurin an ba wani. Kuɗin garka rabi ya tafi a bashin da na ci a Yamai, rabi a hatsi.

Na je kamfanin ne don in yi faɗa. Jibo bai tambayi sunana ba, ya buɗe kawai. Da na shiga Kawu ya dubi agogo ya ce, "Bakwai da rabi muke farawa. Zauna." Na tsaya. Na ce, "Kawu, wurin nan a rufe yake. Kuɗin da ake ba ka na Inna Atika ne. Saboda layi biyunka ubana ba shi da garka."

Na zaci zai faɗi ko ya yi ihu. Sai ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Shekara ashirin da shida ina aure da ita, kana ganin ban san yadda take rubuta lamba biyu a bayan ambulan ba?"

Sai na zauna.

Ya ce, "Ka aiko a tambaye ni abin da difilom ya ba ni. Ya ba ni albashin shekara goma sha ɗaya, da mota, da gidan siminti. Ga abin da ya karɓa. Ubana mahauci ne a kasuwar Tibiri. Bayan an rufe nan na ɗauki wuƙarsa na kafa tebur. Mutane suka taru suna kallo daga nesa. Har la'asar babu wanda ya saya, kunyata suke ji. Naman ya lalace a gabana. Wannan ba ya shiga lissafinku na jami'a." Na ce to tarhon fa? Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce, "Wani lokaci yana bugawa."

Daga nan ya miƙo mani fayil, ya ce in fitar mashi da kuɗin da gwangwani ɗaya zai ci bayan faɗuwar sefa, tun daga kwandon manomi har bakin mota. Yaya, na ɗauka don in nuna mashi banza ce. Ban ɗago kai ba sai azahar. Shekara biyar ina karatu, ranar ce ta farko da wani ya nemi abin da na karanta. Ya duba da jan alƙalami, ya kama kuskure biyu, kuma gaskiyarsa.

Washegari na koma. A Jiratawa duk wanda na haɗu da shi sai ya ce ya aiki, Baba na goge mani takalmi da asuba kafin in hana shi. Ina zan ce zan je? A ofis akwai sanyi, babu mai tambayata komai. Jemagun ma na daina jin su.

Ranar ashirin da takwas Jibo ya shigo da ambulan biyu. Ɗaya da sunana. Jika goma sha biyu ne a ciki, 'yan dala ɗari-ɗari, tsofaffi, sun yi laushi. Na tambaye shi daga ina, ya ce shi ɗan aike ne. Na sayi sukari da sabulu na kai gida. Ban san abin da ya sa na faɗa maki ba.

Gado

*

Dakwaro, 20 ga Afrilu 1994

Gado,

Muna lafiya, sai zafi. Ba zan tsawaita ba, mai mota na jira.

Ka ji tsoron Allah ka fita daga ɗakin nan. Ka ce akwai sanyi, ni ma na ji sanyin, shi ya sa na gudu. Kawu ya san abin da yake yi, ka ce, to wannan ya fi ba ni tsoro a kan in bai sani ba.

Inna Atika ba ta da jika goma sha biyu. Tun faɗuwar sefa da ƙyar take cike nata ambulan. Wani ne ke cire abinci daga bakinsa yana sa maka. Kai ne mai lissafi, ka zauna ka lissafa mutum nawa ne a duniya za su yi maka haka, sannan ka je ka dubi hannuwansu.

Ina da aji mai yara tamanin da huɗu, ni kaɗai. In zama ne ya dame ka, zo ka riƙe mani rabi. Babu albashi, amma yaran na gaske ne.

Sa'adiya

*

Jiratawa, 26 ga Mayu 1994

Yaya Sa'adiya,

Barka da sallah. Ina fatan ku da yara kuna lafiya. Mu ma lafiya, Inna ce ke fama da ƙafa, da sauƙi.

Ban yi lissafin da kika ce ba, tsoro nake ji. Na karɓi ambulan na biyu a ƙarshen Afrilu. Da na buɗe, ɓawon albasa ya faɗo daga tsakanin kuɗin.

Na bar ofis da rana tsaka, ban yi sallama ba. Ban samu Baba a gida ba. Inna ta ce ya je gaida mara lafiya, ta ƙi haɗa ido da ni. Na nufi garkarmu ta da. Yana can cikin 'yan ƙwadago, a sunkuye, yana cire wa wanda ya sayi garkar albasa a kan dala ɗari, rabin jika, a yini. Tun watan azumi yake yi. In na fita da safe da takalmin da ya goge, sai ya canza riga ya bi ta bayan gari.

Na miƙa mashi ambulan. Bai karɓa ba, ya ce hannunsa da laka. Na ce, "Baba, tun yaushe ka sani?" Ya ce Inna Atika ta zo da kanta kwana uku bayan na fara zuwa, ta faɗa mashi komai, ta ce ya hana ni. Na ce, "To me ya sa ba ka hana ni ba?" Ya miƙe da ƙyar, ya dube ni daga takalmi har wuyan riga. Ya ce, "Na sayar da garka na sayi ma'aikaci. Ka bar ni in ɗan ga abin da na saya."

Na cire takalmin na ajiye a bakin kwalbati, na cire rigar na ninke a kai, na shiga layin da ke kusa da nasa. 'Yan ƙwadagon suka daina aiki. Wasu mata da ke wucewa suka tsaya. Baba ya ce, "Gado, ana kallo." Na ce na gani. Ya yi ta hawaye yana cire albasa, ni ma haka, har aka tashi. Kwana uku suka yi suna kallo, rana ta huɗu wani ya ce in matsa ina tare mashi hanya. Yanzu mu biyu muke kawo dala ɗari biyu. In an buɗe jami'a zan koma in ƙarasa, saura shekara ɗaya da rabi, amma da kuɗin hannuna, kuma ban yi wa kowa alkawarin komai ba.

Ga abin da ya sa na rubuto da gaggawa. Ranar kasuwar Tibiri mun kai albasa a amalanke, muka bi ta gaban kamfanin. An share ciyawar bakin ƙofa. Tagogi huɗu a buɗe, a kowace akwai mutum zaune da riga mai guga. Na gane ɗaya, ajinmu ɗaya a Yamai, shi ke zuwa na farko kowace shekara. Ya ɗaga mani hannu a hankali, ya mayar da kansa kan takarda. Tafireta ba ɗaya ba ce yanzu.

Jibo ya biyo mu da gudu ya ba ni takarda mai shuɗin hatimi. Ya ce su shida ne, kuma iyayensu sun fara zuwa wurinsa da kuɗi ta ƙofar baya kafin ƙarshen wata. Ya ce Kawu na neman mace mai ilimi da za ta riƙe sashen ma'aikata, ya ji labarin ba a biyan malamai, ya tambayi inda kike. Na ce ban sani ba. Jibo ya ce ba komai, an riga an samu adireshin, takardar ta tafi tun Litinin.

Yaya, in ta zo ki sa ta a murhu yadda take, kada ki buɗe. Ina faɗa maki ne don ni na buɗe tawa. Babu faɗa a ciki, babu zargi. Kawu ya ce aikina na gwangwani shi ne mafi kyau da ya gani a shekara goma sha biyar, kuma yana jiran kashi na biyu. Na karanta ta a kan amalanke, Baba na kora jaki, kuma sai da na riƙe katako da hannu biyu, kada in sauka, har muka wuce kwanar.

Ƙanenki,
Gado